Hannun da bai saki igiya ba

Salamu alaikum, jama'a. Jikata Hadiza, mai aikin jinya, ke rubuta mini wannan a wayarta. Tun zamanin Nasara nake ɓoye maganar nan, yau dai na gaji.

Ina budurwa, a rugarmu kusa da Mallawa, ina shayar da shanu a rijiya. Sa mai jan guga ya zabura, igiyar ta naɗe mini hannun hagu, na ji ƙashi ya ce ƙas.

Maɗori ya ɗaure da karare tamau. Hannu ya yi ta zugi kamar an sa garwashi. Inna ta ce, "Daure, ɗiyata, mu ba mu kuka." Na daure. Da zugin ya ɗauke har murna muka yi, ashe hannun ne ya mutu.

A kan jaki aka kai ni Magarya, daga nan motar gyaɗa zuwa Damagaram. Baba ya sai da karsanarsa. Likita ya kwance ɗorin, ya kau da kai don wari, ya ce wa tafinta, "Tambaye ta, ba ta ji zafi ba?"

Suka yanke ƙasa da gwiwar hannu.

Allura da wanki kowace safiya, har miki ya warke. Amma hannun da aka binne bai tafi ba. Ina jin sa a dunƙule, riƙe da igiya, farce na nutsewa cikin tafi. Na gaya wa Inna, ta toshe mini baki: "Kul, sai a ce iska ta taɓa ki." Don tsoron a kira ni mahaukaciya, na yi aure, na haihu, na tsufa ban ƙara faɗa ba. Ni kaina na ɗauka ina da motsi.

Bara Hadiza ta kama ni ina susar wurin da ba hannu. Na fashe da kuka, na gaya mata.

Ta ce, "Kaka, hankalinki lau. Ƙwaƙwalwa ke jin ciwo, ita kuma ba ta yarda an yanke ba."

Ta kawo madubi. Na ce tsofai-tsofai da ni kwalliya za ki koya mini? Ta ɓoye dungun a bayansa, hannun dama a gabansa. Sai ga ni da hannu biyu. Kullum muna yi, dunƙule, buɗe.

Na gode Allah, na gode Hadiza. Ku kuma, in ɗori ya yi zugi ko yatsu suka yi sanyi, a kwance, a tafi likita. Yaro ya ce zafi, kar a rufe masa baki.

Hadiza ta ce madubi ba kowa yake yi wa ba. Ni dai ran Laraba da hantsi yatsun nan suka buɗe, na saki igiyar.