Ranar da Baba Ya Koma Filin Kokawa

Wata ranar kasuwar Bukkuyum ce, a kakar 2018, bayan la'asar na saci jiki daga wurin sussukar gero na shige gidan kallon Sani, wata rumfar kwano mai zafi kamar tanda. Shekarata goma sha biyu. Fim ɗin Turawan Ingila aka sa, na wasu tsofaffin 'yan kokawa masu tumbi da furfura da suka sake ɗaura ɗamara bayan ƙarfi ya ƙare. Sani yana tsaye gefen talabijin yana fassarawa, rabi gaskiya rabi ƙari. Masu haƙar zinariya da suka cika bencina sai ƙyaƙyata dariya suke yi. Wani ya ce ai kokawar Turawa duk shiri ce, wani dattijo mai facin taya kuma ya ce shi bai ga abin dariya ba, tausayi suka ba shi. Ana cikin musun sai Lawali, matashin da ke tashen kokawa a yankinmu, ya nuna wani tsoho da ya kasa tashi daga ƙasa, ya ce, "Wanga ai Kututture na!" Rumfa ta kaure da dariya. Kututture kuwa sunan kokawar mahaifina ne.

Ni dama bakina ba linzami. Washegari muna shan fura a gindin kirya a gona, na kwashe labarin kaf na zazzage wa Baba, har da kwaikwayon muryar Lawali. Shekara uku ke nan ko damin gero Baba bai ɗaga ba, tun da ramin zinariya ya rufta masa a Duza, likita kuma ya ce in bayan nan ya sake buguwa to shi da tafiya sai dai a ɗauke shi. Baba ya ajiye ludayi. Inna ta harare ni ta ce, "Baki shi ka yanka wuya."

A garinmu, da an gama kai amfani rumbu ake kokawa. Kowane ɗan kokawa da takensa, wanda kuma aka kaɗa wa take ya zauna, ya binne sunansa da hannunsa. Kwana biyu da maganar na ga Baba ya sauko da tsofaffin layunsa daga rufin ɗaki, ya nufi gidan Mamman makaɗi. Duk makon nan ban san me na ci ba. Ina yankan ciyawa ina hango shi kwance a amalanke, a makaranta abokaina na langa ni ina rakuɓe jikin bango, na tabbata ni na kashe ubana. Da na yi ƙarfin hali na roƙe shi ya fasa, cewa ya yi, "Tahi ka ba awaki ruwa."

Ranar kokawar, rana tana shirin faɗuwa Mamman ya saki taken Kututture. Baba ya fito yana ɗingishi, haƙarƙarinsa a waje, ya je gaban Lawali ya miƙa masa hannu biyu, wato ya ƙalubalance shi. Fili ya yi tsit. Lawali ya taso, ƙato, wuyansa kamar turmi. Suka kama juna, na runtse ido. Da na buɗe sai na ga Lawali ya durƙusa ya dafa ƙasa da tafinsa, a dokarmu kuwa wanda hannunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Ya ce, "Ka kada ni, Baba." Mutane suka ɗauki sowa, ni har da kukan murna. A hanyar gida ne Baba ya tsaya ya tsinke layun daga damtsensa, ya ce da ni a hankali, "Da maka ni yay yi da ƙasa, da ya hi min." Ko kallon kokawa bai ƙara zuwa ba.

Yanzu babu mai kokawa a garinmu. Tsoron 'yan bindiga ya sa a gurguje ake girbi, ba mai yarda a taru, ciyawa ta cinye filin. Baba yana nan da ƙafafunsa, yana zuwa masallaci yana dawowa, amma na yi kewar mutumin da ke labarin kokawa har tuwonsa ya huce. Ni bayansa na yi ta ji wa tsoro, ashe ba nan ne zai fi yi masa ciwo ba.