Furen Ta'aziyya a Al Qusais

Tun ina yaro a Kano nake jin kalmar amurkanci. A lokacin ba ta wuce juya hula baya da sakin wando ƙasan ƙugu ba. In aka ce yaro yana amurkanci dariya ake yi, an san zai gaji ya bari. Sai da na zo aiki Dubai na ga wanda bai bari ba.

Mu biyu ne a ɗakinmu na haya a Al Qusais, ni da wani Bakano mai aikin kago, wato tura kaya gida, a Deira. Yana da amini da suka tashi a layi ɗaya, ma'aikaci a wani kamfani mai dogon bene. Aminin nan ko hanyar Amurka bai sani ba, a waya ya koyo nasa. Magana ta hanci, kofi a hannu ko ina, kuma ba a zuwa gidansa sai an nemi izini tun jiya. Ni haushi yake ba ni.

Da mahaifiyar abokin zamana ta rasu, bizarsa na wajen sabuntawa, ba halin tafiya gida. Muka ture kujeru muka shimfiɗa tabarma. Mutane suka yi ta zuwa, har 'yan Zangon Gana da kayan aikinsu a jiki. A zauna, a yi addu'a, a yi shiru. Shi kuwa abokin zamana da an taɓa ƙofa sai ya ɗaga kai. Kowa ya san wanda yake jira.

Ana gobe sadakar uku, mai babur ya kawo fararen furanni a leda mai ƙyalli, wai daga aminin. Na kira shi.

"Malam, lafiya ba mu gan ka ba?"

"Habibi, space nake ba shi. Mai grieving ba ya son a dame shi."

Na kashe wayar don kada in yi zagi a wurin makoki. Tun daga ranar, in na ce amurkanci ba da dariya nake faɗa ba.

Sai da aka naɗe tabarma aminin ya zo, yana ƙamshin turare, ya ware hannuwa zai rungume shi. Abokin zamana bai tashi ba. Ya jawo furen daga bayan ƙofa, duk ya yanƙwane, ya miƙa masa.

"Hajiya kai take fara zuba wa tuwo kafin ni," ya ce. "Riƙe abinka. Ita ba ta san wannan ba."