Shekarar da Hasashen Baba Bai Ci Ba

Wata Asabar ce a farkon damina, saura mako uku a yi babban zaɓe, ina aji biyar a firamare. An yi ruwa da safe har da ƙanƙara, sanyin Jos ya dawo sabo, ni kuma ina durƙushe a shagon ɗinkin babana da ke bakin layinmu a Dutse Uku, ina hura gawayin dutsen guga, hayaƙi na cika min ido. Bencin ƙofar shago ya cika da maza, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, ana ta musu a kan 'yan takara. Wani ya ce wane ya yi alƙawarin jawo mana ruwan famfo, wani ya ce ai tun yana saurayi ake jawo ruwan nan har yau bai iso ba. Baba Pam, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, ya tsaya kai da fata a kan wanda ya ce zai kawo taki da araha, don shi ma'aikacin gwamnati ne amma ransa na kan gonar dankalinsa da ke ƙauye. Da musun ya ƙi ƙarewa sai aka juya ga babana yadda aka saba. Baba Pam ya ce, "Oga Tela, ka yi magana mana. Wa zai ci?" Babana bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba, ya ce, "Bana ban gani ba tukuna." A iya sanina, ranar ce ta farko da aka yi masa wannan tambaya bai ba da amsa ba.

Babana, Malam Sabo, bai yi boko ba, jarida sai an karanta masa, amma a unguwarmu hasashensa na zaɓe ya fi na rediyo daraja. Ba duba yake yi ba, atamfa yake karantawa. Duk lokacin zaɓe 'yan siyasa sukan raba wa mata atamfa mai hoton ɗan takara, matan kuwa, Musulmi da Kirista har da matan Ibo masu shaguna a Laranto, wurinsa suke kawo ɗinki. Idan mace ta ce a yi mata riga da zane na fita biki, ta tsaya tana zaɓen irin wuyan da take so, to wannan ɗan takara ya shiga ranta. Idan ta jefo atamfar ta ce a yi mata labule, ko a yanka wa yara wanduna, to karɓa kawai ta yi, ƙuri'arta na wani wuri. Yakan ce, "Maza a benci suke faɗin abin da suke so a ji, mata kuwa ba sa ɓoye wa tela komai." Na taɓa ganin fuskar wani babban mutum a gindin wandon ƙanena, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, mutumin ko mazaɓarsa bai kawo ba. Tun kafin a haife ni yake wannan hasashe, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ni kuwa na ɗauki abin na ɗora a kai, ina yawo a makaranta ina hura hanci, ka ce ni ce telar.

Gidanmu da na Baba Pam a suna kawai suke gida biyu. Akwai wurin da katangar ta zube tun wata damina, ba wanda ya damu ya gyara, ta nan kwanon tuwo ke tsallakawa ya dawo da gwaten acca. 'Yarsa Kangyang sa'ata ce, ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. Tare muke sammakon ɗebo ruwa a rijiyar ƙasan layi, hannu na daskarewa a jikin igiyar guga, tare muke wanke-wanke, yau a tsakar gidansu gobe a namu, don aiki ya fi saurin ƙarewa idan ana gulmar malamai. Da hutu Baba Pam yakan kwashe mu zuwa ƙauyensu tonon dankali, mu dawo ƙafa duk jar ƙasa, ƙaya ta yayyage mana zane, Inna ta yi ta faɗa tana dariya. Da yamma mu hau duwatsun bayan unguwa mu yi 'yar carafke, ita ta fi ni hannu, ni na fi ta baki. Bayan Sallah da lallenta take zuwa coci, ranar Kirsimeti kuwa ni ce ta farko a bakin tukunyar shinkafarsu. Ko a shekarar da gari ya rikice, 'yan shekaru kafin wannan, da Kiristoci da yawa suka bar layinmu, su ba su tashi ba. Kwana huɗu suka yi a ɗakin Inna, Baba na zaune a ƙofar gida bai gusa ba. Da abin ya lafa ya ce wa Baba Pam ya yi zamansa, babu abin da zai same shi, shi kuma ya zauna saboda wanda ya faɗa.

Abin da ya hana Baba magana a wannan Asabar na ji shi bayan kwana biyu, da la'asar, ina tsince shinkafa a bakin murhu, shi yana shan kunu. Ya ce wa Inna bana ba atamfar 'yan takara ce ta dame shi ba, kantar da yake jera ɗinkin Ista ce. Bikin Ista na nan tafe jim kaɗan bayan zaɓe, a irin wannan lokaci kantar takan cika har ya fara ba mutane haƙuri, amma ga ta nan wayam. Mata uku sun zo sun karɓi kayansu ba a ɗinka ba, wata 'yar Ibo da ta daɗe tana kawo masa ɗinki ta ce ya haɗa mata tsofaffin zannuwa ya yi mata manyan jakunkuna. "Duk mai niyyar yin Ista a garin nan, da yanzu ya kawo ɗinki," in ji shi. "Ina tsoron bayan zaɓen nan ba za mu ga Kirista ko ɗaya a layin nan ba." Inna ta ce to ya gaya wa Baba Pam mana. Ya ce ba zai gaya masa ba, don ya san idan maganar ta fito daga bakinsa mutumin zai tashi, kuma wataƙila wannan karon tsoron mutane kawai yake gani a kanta, ba abin da zai faru ba. Ba wanda ya ce min kada in faɗa, ba su ma lura ina wurin ba.

A makon nan malamin ajinmu ya ce tunda manya za su yi zaɓe, mu ma da ƙuri'a za mu zaɓi monita. Aka tsayar da ni da Kangyang. Na yi kamfe irin na gaske, na kwaso ƙyallayen shago ina raba wa 'yan mata su yi wa 'yan tsanarsu riga, na kuma sanar da kowa cewa na riga na yi hasashe, ni zan ci. Ranar Alhamis muka shafa tawadar biro a babban yatsa, muka dangwala a takarda, aka zuba a kwalin alli. Da aka ƙirga, Kangyang ta yi min kaca-kaca, har waɗanda suka karɓi ƙyallena ita suka zaɓa. Da aka tashi tara 'yan mata suka kewaye ta suna tafi, wata ta nuna ni ta ce, "'Yar mai hasashe ta sha ƙasa!" Aka fashe da dariya, ita ma Kangyang ta yi. Dariyarta ce ta fi yi min ciwo. Na tsaya a tsakiyar fili na ce mata, "Ki ci ɗin, kwana nawa ya rage muku? Babana ya ce bayan zaɓe ba Kirista ko ɗaya da zai saura a layinmu." Kangyang ta shiga aji ta ɗauki jakarta, ta tafi gida ba a tashi ba. Tun kafin ta kai ƙofar makaranta na san na yi ɓarna, amma girman kai ya hana ni bin ta.

Da yamma Baba Pam ya shigo shago da kayan ofis a jikinsa, ni ina ƙasa ina ɗinka maɓalli. Ya zauna a bakin teburin yanka ya ce, "Oga Tela, yarinya ya dawo gida yana kuka. Ni ban zo faɗa ba, na san ka. Ka gaya min abin da ka gani kawai." Baba ya tsayar da keke, ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai. Da ya so, da ya ce shirmen yara ne, magana ta wuce. Amma bai taɓa yi wa Baba Pam ƙarya ba, bai kuma iya farawa ranar ba. Ya nuna masa kantar, ya gaya masa na matan nan uku da na mai jakunkuna, sannan ya kama hannunsa ya ce, "Amma ka zauna, Pam. Wataƙila na yi kuskure." Baba Pam ya yi wani murmushi da har yau ban manta ba, ya ce, "Kai, Oga Tela. Yaushe ka taɓa yin kuskure?"

Ana saura kwana biyar zaɓe wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidansu da hantsi. Suka ce ƙauye za su je, mako biyu su dawo, amma na ga an ɗora har da turmi da gadon ƙarfe. Inna da maman Kangyang suka rungume juna suna kuka, Baba yana taya ɗaure kaya, yana jan igiya da ƙarfin da ya wuce kima. Ni na laɓe a bayan ƙofa da wata 'yar tsana da na yi wa sabuwar riga, ina ta shirya yadda zan ce ta yafe min. Kangyang na zaune a kan katifa a bayan mota, ta leƙo wajen gidanmu sau biyu. Ban fito ba har motar ta sha kwana.

Aka yi zaɓe lafiya. A layinmu ko tsinke ba a karya ba, mutane suka yi layi a makarantarmu tun safe, aka ƙirga ƙuri'a, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa. Hasashen Baba bai ci ba, a karo na farko, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya yi murna da kuskurensa kamar shi ba. Mako biyu suka cika yana leƙen bakin titi, aka yi Ista, aka shiga tsakiyar damina. Sai ga wasu baƙi Musulmi da makullin gidan, suka ce sun yi musayar gida da Baba Pam, su sun baro wata unguwar Kiristoci a can hayi, shi ya koma nasu. Mutanen kirki ne, amma abin da suka fara yi shi ne gyara katangar. Baba bai buge ni ba, ko faɗa bai yi min ba, na gwammace da ya yi. Daga ranar ya daina hasashe, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Allah ne masani, ni ɗinki nake yi." Da farko yakan je gaishe da abokinsa can hayin, amma gari ya ci gaba da rabuwa, kowane ɓangare ya zama wurin da ake tunani kafin a shiga, zuwan ya ragu har ya tsaya.

Ban sake ganin Kangyang ba sai gab da zaɓen da ya wuce, a layin karɓar katin zaɓe, kowacce da goyo ko jaye da yaro. Ita ta fara gane ni, da muryata, ina yi wa wani da ya tsallake layi tsiya. Na fara ba ta haƙuri kan maganar aji biyar, ta rufe min baki da hannu ta ce, "Haba Hajara, mun tsufa." Ta ce babanta na kwance, jiki ya ƙi, kullum yana tambayar Oga Tela. Da na gaya wa Baba, lokacin ido ya riga ya yi masa rauni, sai ya lalubi hularsa ya sa, ya miƙe. Ƙannena maza suka tare ƙofa. Suka ce gari a ɗame yake, suka nuna min saƙonnin da ke yawo a waya, kowa na hasashen abin da zai faru, suka ce a bari sai bayan zaɓe. Baba ya juyo wajena yana jiran in goyi bayansa. Na ce, "Baba, mako biyu ne kawai, ka yi haƙuri." Ya cire hular ya zauna. Ana saura kwana tara zaɓe Kangyang ta kira ni, Baba Pam ya rasu. Wannan zaɓen ma lafiya aka yi shi a unguwarmu.

Yanzu ga wani zaɓen na ƙaratowa. Benci ya koma cikin waya, kowa ya zama mai hasashe, ana auna 'yan takara ba da famfo ko taki ba, sai da sunan mutum da inda yake ibada. 'Ya'yana ba su da ƙawa ko ɗaya mai suna irin na Kangyang, idan na ba su labari sai su ɗauka wani gari nake nufi. A da mukan yi musu a kan wanda zai ci, mu tafi rumfar zaɓe tare, kowa ya zaɓi nasa, mu dawo tare. Baba yana nan da ransa, yana zaune a ƙofar gida da rana, ba ya tambayar kowa wa zai ci. Daga gidanmu zuwa inda Baba Pam ya yi jinya, tafiyar minti ashirin ce a Keke Napep, kuma ni ce na ce ya jira.