Turmin da ke ƙarƙashin gadon karaban

Shekarun baya, ranar da muka tashi daga Bobigny za mu Lyon a ƙasar Faransa, mu huɗu ne a mota: ni, da babban ɗana da ke tuƙi, da matarsa, da ƙanin marigayi mijina, tsohon direban babbar mota wanda ya ci ƙuruciyarsa a hanyar Maraɗi zuwa Agadas. Ni ban shiga makaranta ba. Surukata ce ke rubuta wannan, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Ɗiyata ce ta yi haihuwar fari a Lyon. Gidanta ƙarami ne, shi ya sa ɗana ya aro karaban wajen abokinsa, ɗan ɗakin nan da ake ɗaurawa bayan mota, don mu sami wurin kwana. Tayoyinta sun tsufa, dole a sake su. A nan gardama ta tashi.

Ƙanin mijina ya ce, "Ka sa mata tayar kamiyonet, ƙaramar motar kaya. Ita aka yi don kaya, ba ta san gajiya ba."

Ɗana ya ce, "Baba, mai garaji ya duba takardar karaban. Tayar da aka yi don abin ja ta fi dacewa, gefenta da tauri, ba ta bari karaban ta yi rawa a baya. Kayanmu kuma na auna, ba su kai nauyin da aka rubuta ba."

"Takarda! Ina jan tirela cikin rairayi kana goye."

Tun rasuwar mahaifinsa, yaron nan bai taɓa tsallake maganar babansa ƙarami ba sai ranar. Ya sayi tayar da ya ce. Raina ya yi fari, amma ban nuna ba. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, balle in yabe shi a gabansa.

Sai kuma ya juyo gare ni: "Inna, kowa jaka ɗaya. Komai akwai shi a Lyon."

Jaka ɗaya! Uwa za ta wankan jego da jaka ɗaya, kamar mai zuwa asibiti? Ranar Juma'a da suka tafi masallaci, na tsare surukata da ido har ta miƙe. Muka ɗage gadajen karaban, muka cusa buhunan hatsi da na shinkafa da na sayo a kasuwar Château Rouge, da jarkokin man gyaɗa, da manyan tukwane, da kanwa, da turmina na gida da taɓaryarsa. Muka shimfiɗa zanin gado kamar ba a yi komai ba.

Mun wuce rabin hanya, rana ta take, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Karaban ta fara fizgar mota hagu da dama. Surukata na salati, ni na riƙe kujera. Allah ya taimaka ɗana ya riƙe sitiyari har muka tsaya a gefe. Tayar dama ta yi kaca-kaca.

Tun kafin a ja mu zuwa garaji ƙanin mijina ya fara. "Ban faɗa ba? Ka kusa kashe uwarka saboda takarda!" A garajin ma waya ya ɗauka, yana ba mutanen Lyon labari ɗaya bayan ɗaya.

Yana can yana waya, makanike ya ja ɗana gefe. Surukata ta raɗa mini abin da ya ce: karaban nan kamar an cika ta da duwatsu, ko tayar kamiyonet aka sa, wani abin ne zai karye. Ina kallo ɗana ya shiga ciki. Ta taga na ga ya ɗaga gado, ya tsaya, ya mayar a hankali. Da ya fito sau ɗaya ya dube ni.

Sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne, ban auna daidai ba."

Aka sa sabuwar taya. Ya bar babbar hanya ya bi ƙanana, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, babansa ƙarami na masa ba'a har muka shiga Lyon da magariba. Ni da ake tsoron bakina tun daga Damagaram, ko tari ban yi ba.

Har yau idan na tuna, ba ƙarar tayar ke damuna ba, yadda ya mayar da gadon nan ne. Na daɗe ina zaton ni ke lura da kowa a gidan. Ashe yaron da ba na kiran sunansa ya san ni sarai, ya san ba zan iya buɗe baki a bakin hanya ba, ya ɗauki kunyata ya ɗora wa kansa.

Washegarin zuwanmu Lyon da safe, bayan an raɗa suna maza na zaune a falo, na sa aka shigo da turmin aka dire shi gaban ƙanin mijina.

Na ce, "Direba, ɗaga mu gani."

Ya yi dariya. "Hajiya, yau kuma da ni za ki yi daka?" Ya kama, ya yi nishi, ya saki.

Na ce, "Wannan ɗaya ne daga cikin abin da ke ƙarƙashin gado. Ni na sa, bai sani ba. Tayar da ya zaɓa ba ta da laifi. Waɗanda ka kira jiya, ka sake kiransu."

Na ja turmina na koma wajen mata, na daka hatsi, na dama kunun kanwa. Kofin farko na mai jego ne, kowa ya sani. Na biyu ban aiki kowa da shi ba. Na ratsa cikin maza, na miƙa wa ɗana da hannuna, na ce, "Sha a hankali, da zafi."