Dubet ɗin Inna da Rigarsa Mai Furanni

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Zandam, ni da maƙwabcina, a kan tsohon mashin ɗinsa. Inna ce ta fitar da ni. Sanyi ya shigo, bargonta kuwa nauyinsa kamar buhun gero. In ta lulluɓa numfashi ya gagara, in ta yaye tari ya taso. Ƙanena na Kano, wanda kullum ake sa wa albarka, ya ce zai aiko da wani, yau wata biyu. Ni da ba a yi wa sannu, ni na fito.

A Gwaram muka ajiye mashin, muka sha kunu da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka ƙura ido kake ganinsa. Muka shiga motar Birnin Kudu, mu huɗu a baya, akuya a but tana ta kuka. Hanya ba laifi, gonaki duk an girbe.

A kasuwa na yi irin ta mutanen garinmu, in ɗaga bargo in ji nauyi, don mu a wajenmu mai nauyi shi ne mai kyau. Wani Alhaji mai shago ya ce, "Malam, bargo kake nema ko dutsen niƙa?" Na gaya masa damuwata. Ya jawo wani abin lulluɓa na zamani wai shi dubet, na ɗaga da hannu ɗaya. Na ce wannan yaudara ce. Ya ce in cusa hannuna ciki. Kafin mu gama ciniki hannun ya yi gumi. Na saya.

Sai dai fari ne fat. Maƙwabcina ya ja ni gefe ya ce, "Wallahi ka kai wa tsohuwa wannan, cewa za ta yi likkafani ka kawo mata." Gaskiyarsa, Inna ko farin mayafi ba ta yafawa. Alhajin ya ce ai akwai rigarsa, ya fito da mai furanni ja da kore. Zai nuna min yadda ake sawa, na ce ya bari, ni ba yaro ba ne.

Dole a sa rigar kafin Inna ta gani, don haka a tashar Gwaram muka shimfiɗa tabarma. Na dinga cusawa kamar ina ɗura dawa a buhu, ya dunƙule waje ɗaya. Na shiga cikin rigar da kaina ina laluben kusurwa, 'yan acaɓa suna ta dariya. Wata mai awara ta ce, "Baba, fito kada ka ɓata a ciki." Ta juya rigar ciki ya koma waje, ta zura hannuwanta har kusurwa biyu na ƙarshe, ta damƙi kusurwar dubet ɗin, ta girgiza sau uku. Shi ke nan, ya zauna lif, ta ja zif. Na sayi awarar da ban yi niyya ba.

Da la'asar muka isa gida. Inna ta ɗaga ta ce, "Ba nauyi. Mai arha ka sayo." Amma ta lulluɓa, barci ya kwashe ta har magariba, ko tari ɗaya. Washegari na ji tana gaya wa maƙwabta wai ɗanta na Kano ne ya aiko, don irin wannan sai Kano. Na ƙyale ta.

Abin da na koyo, in mai shago zai nuna maka abu, ka tsaya ka kalla. Wankin rigar kuwa ni zan dinga yi da kaina a bayan gida, kada Inna ta taɓa ganin abin da ke ciki.