Ganyen Sifirin da Baba Ya Ƙara

Wata safiyar Asabar cikin watan Yuni na shekarar 1972, ina 'yar shekara tara, Inna ta aike ni shanya a ɗan filin da ke can baya da gidanmu na Port Richmond. Ina fitowa da bahon wanki sai na ga ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashin motar tseren yayana, Garba. Ko jallabiyar da ya yi sallar asuba da ita bai cire ba. Ya ɗage gindin motar da jak, ya cire tayar baya ta hagu, ya kwance notocin da suka ɗaure sifirin, yana ta nishi yana cusa wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa a tsakanin 'yan'uwansa. Da ya turo kansa waje ya gan ni, sai ya goge baƙin mai a goshinsa, ya ce, "Rabi, abin da kika gani ya tsaya a cikinki."

Baba direba ne a wani ofishin jakadanci a Manhattan, aikin ne ma ya kawo mu New York. Kafin nan bakanike ne a Kano, ya shekara goma sha yana gyaran ƙafafun manyan motoci masu zuwa Damagaram. Kullum da sassafe yake bin jirgin ruwa ya ƙetara zuwa Manhattan, ba ya dawowa sai bayan magariba, idanu jajur, ya zauna bakin kujera ya daɗe bai ko kwance takalmi ba. Ni kuwa rayuwata ba ta wuce makaranta da filin nan ba: in ba tumatir da alayyahon da Inna ta shuka a gwangwanaye ruwa, in share matakala, in zana 'yar gala-gala da alli a bakin titi mu yi ta tsalle da yaran maƙwabta. Inna ta yi mini magana da Hausa in ba ta amsa da Turanci, ta ja mini kunne, gobe in sake.

Yaya Garba yana da shekara ashirin, yana aiki a garejin wani tsoho Ba'italiye a unguwarmu. A can ya kamu da son tseren mota, irin wanda ake yi a filin jar ƙasa a hayin New Jersey, inda motoci ke zagaye fili suna shan kwana hannun hagu kaɗai. Ya samo wata tsohuwar mota da aka yar, ya cire kujeru da gilasai, ya yi mata keji na bututun ƙarfe. Baba ya hana, ya yi faɗa, Inna ta yi kuka, duk a banza. Daga ƙarshe Baba ya ce to, tunda ba a jin magana, inji na Garba ne, amma ƙafafun baya shi zai riƙa saitawa. Yaya ya yi murna, don ya san babu wanda ya kai Baba a wannan fanni.

Sai da na girma na gane abin da ya yi a safiyar nan. A kan jar ƙasa, dole gindin mota ya ɗan zame a kwana kafin hancinta ya juya. Baba ya ƙara ganyen sifirin ɗaya a hagu, wato dogon ƙarfen nan da na ga yana cusawa, ya daidaita iskar tayoyin baya biyu, alhali ta dama ya kamata ta fi cika. Sai gindin ya kafe a ƙasa, motar ta ƙi juyawa in ba an saki totur ba. Lissafinsa shi ne, duk kwana Yaya zai rage gudu, ya yi ta zuwa na ƙarshe har ya gaji ya bari.

Haka muka ci wannan bazara. Duk Asabar da hantsi mu ɗaura motar a tirela, Inna ta ba mu dafa-duka a kwano, ita ba ta taɓa zuwa ba. Mu yi tafiyar sa'a biyu cikin zafi, mu zauna kan bencin katako na 'yan kallo, ƙura ta cika mana haƙora, Yaya ya zo na ƙarshe ko na kusa da ƙarshe. Ran Lahadi ya wuni yana kwance inji yana ɗaurawa, yana zaton laifin daga nan yake, har ya rame. Ni kuma na daina iya kallon idonsa. In ya sayo mini alewa sai in kasa sha. Baba ma ba daɗi yake ji ba. Ranar hutunsa ɗaya ta tafi, kuma sau da yawa nakan ga ya bar tuwonsa rabi. Inna takan dube su biyun ta ce, "Icen da ya ƙi lanƙwasa, karyewa yake yi," ban san da wa take ba.

A ƙarshen watan Agusta Yaya ya gaji da zama na baya, ya shiga kwana bai saki totur ba. Ya murɗa sitiyari, motar ta ƙi, ta miƙe sak ta daki katangar katako. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ran nan, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Allah ya taƙaita, ƙashin kafaɗa ne ya karye. A asibiti Yaya ya yi ta ba Baba haƙuri, wai ya ɓata masa aikin da ya sha wahala a kai, wai shi ne bai iya tuƙi ba. Nan na fashe da kuka, na kasa tsayawa. Baba ya dube ni, ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗa masa komai da bakinsa. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya juya fuska bango ya ce, "Baba, da kun bar ni na faɗi da kaina."

Wajen wata shida gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Da hunturu ya wuce, wata Lahadi Baba ya aro sikeli huɗu na awon buhu, ya kira Yaya, suka ɗora kowace taya a kan ɗaya. Ya sa shi ya shiga ya zauna a mazaunin direba don nauyinsa ya shiga awo. Ya zare ganyen nan a gabansa ya ajiye gefe, ya sauya shokozoba, ya zagaye tayoyin baya da igiya yana auna girmansu don ta dama ta ɗara ta hagu kaɗan. Ni nake karanta musu sikelin. Su ɗaga, su matsa noti, su sauke, su sake aunawa, tun hantsi har la'asar, Baba yana bayani Yaya yana rubutawa a jikin kwali. Da aka gama sai da muka kama Baba ya miƙe, bayansa ya riƙe.

Tseren farko bayan nan Yaya ya zo na huɗu. Baba bai gani ba; yana cikin mota a wajen fili, ya ɗage gilasai, carbi a hannu. Ni na je na faɗa masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya tambaya ko Garba ya fito da ƙafarsa, na ce eh, sai ya jingina kai da kujera ya rufe ido. Yaya ya ƙara shekara biyu yana tsere, bai taɓa zuwa na ɗaya ba, sannan ya yi aure ya sayar da motar.

Yau filin tseren ya zama gidaje, garejin tsohon ya zama kantin waya. Yaya Garba ya yi furfura, jikokinsa ba su san ya taɓa sa hular kwano ba, motarsa kuwa in ta lalace na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta. Baba ya rasu a Kano, shekara guda da ajiye aiki. Nakan bi jirgin ruwan nan da yamma in ga maza tsararsa na lokacin suna gyangyaɗi a kan benci, jaka a cinya, sai in tuna ban taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. A lokacin na ɗauka haka fuskar uba take.