Baba Wutsiya, Mai Tsaron Bayan Ayari

Kafin masu yawon keke su fara isowa ƙofar gandun daji, Baba ya riga ya jingina tsohon kekensa a jikin rumfar ma'aikata, ya tsuguna yana latsa tayoyin kekunan haya ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Wadda ta yi sanyi ya ba ta iska, birkin da ya saki ya ɗaure shi. Daga nan sai ya ɗaura jakarsa a kariya: famfo, faci, sufana, da gorar ruwa biyu, tasa da ta wanda zai manta da tasa, don kullum sai an samu. Sannan ya koma gefe ya zuba ido yana kallon yadda kowa yake hawa. A nan yake gane abokin tafiyarsa na ranar.

Hanyar keke biyu ce a gandun. Akwai gajera, wadda take zagaya bakin ƙofa ta dawo. Akwai doguwa mai jan fenti a jikin itatuwa, wadda take ratsa rafi, ta hau tudu, ta gangara har tafkin da ke tsakiyar daji, inda inuwa take da sanyi kamar ruwan randa. Ayarin doguwar hanya yakan tashi da ma'aikaci a gaba, ma'aikaci a baya. Na gaba shi ake ɗauka a hoto. Na baya kuwa sai lakar tayoyin mutane, sai jiran wanda numfashi ya ƙare wa. Tun yana da baƙin gashi Baba yake bayan nan, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Wutsiya. Matarsa ma in tsiya ta motsa mata cewa take, "Mijin wasu ya dawo da labarin tafki, nawa ya dawo da labarin ƙeyar mutane."

To, ƙarshen watan jiya aka yi masa sallamar ritaya daga aiki, kuma ba sallamar ce ta hana shi sakat ba. Abin da ya dame shi, duk ma'aikatan nan babu mai son baya. Manajan gandun ya tambaya, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi. Sai ya yanke cewa in ba a samu mai karɓa ba, za a bar doguwar hanya ga masu ƙarfin ƙafa kawai. Tsofaffi da masu ƙiba da sababbin koyo su tsaya a gajera. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kada a bar wani a daji. Amma Baba ya ji zafin maganar ƙwarai, domin mutanensa ke nan aka lissafa kaf.

Ku tambayi telan nan mai tumbi, wanda likita ya ce masa ko keke ko gadon asibiti. Shi da bakinsa yake ba da labari, yana dariya har da hawaye. Ranar farko da ya zo, a tsakiyar tudu ƙafafunsa suka ce ba da su ba. Ayari ya ɓace masa, kunya ta rufe shi, ya ƙudura a ransa ba shi ba keke har abada. Sai ya ji tsoho a bayansa yana tsaki.

"Kash! Maigida, yi mini arziki ka tsaya. Sarƙata ta zame."

Tela ya sauka da murna, ya zauna a kan kututture yana mayar da numfashi, har da ba da shawara: "Baba, ai keken nan naka ya sha jiki, a sake wani mana." Baba ya ce, "Wallahi kuwa, gaskiyarka." Kafin su kai tafki sarƙar nan ta zame ya fi a ƙirga, kuma abin mamaki ba ta zamewa sai tela ya fara haki. Sai bayan watanni, da ƙafarsa ta yi ƙwari, ya lura sarƙar ta daina zamewa in suna tare, ta koma zamewa a bayan wata baiwar Allah da ta fara zuwa. Ya ce ranar ya rasa inda zai sa kansa.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai ɗaukar kunyar wani ka rataya a wuyan kekenka. An ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kai ka ce ba a ayarinka ba. An zagi kekenka, an ce ka tsufa, an ce kai kake ɓata wa mutane lokaci, ka haɗiye ka yi murmushi, alhali duk gandun nan babu sarƙar da ta kai taka shan mai. Ba ka taɓa ce wa kowa "yi sauri" ba. Allah ya gani, mu ma mun gani.

Ranar tafiyarsa ta ƙarshe Manaja ya ce a karrama shi, shi zai ja ayari. Baba ya yi ta noƙewa, aka ƙi saurarensa. Tunda kuwa ba a barin baya babu kowa, dole mai jan ayari na kullum ya koma can. Guguwa ake ce masa, magidanci ne da 'ya'yansa, amma in ya hau keke sai ka rantse biyo shi aka yi. Ya ɗaure fuska tamau.

"Yau kaɗai fa, Baba," in ji shi.

"Yau kaɗai, ɗana. Ga Malama can mai farar hular kwano, ka sa mata ido."

Malama tsohuwar malamar firamare ce da ta ajiye alli, ta koyi keke da furfurarta, kuma ranar ce karonta na farko a doguwar hanya. Ta ji batun dokar Manaja, ta ce bari ta ga tafkin nan tun ba a rufe mata ƙofa ba.

Jama'a, gaskiya ɗaya ce: Baba bai iya gaba ba ko kaɗan! Mutumin da ya saba kallon ƙeya, yau ga daji fetal a gabansa, sai waige yake yi. Ya taka feda ya waiga, ya taka ya waiga, har sai da ya kusa rungumar wata bishiya. Tela da ke bayansa ya ɗaga murya: "Baba, hanya tana gaba! Ko wuyanka ne ya zame yau?" Ayari ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma hankalinsa yana can ƙasan tudu.

Aka isa tafki, kowa ya baje a inuwa, aka buɗe abin taɓawa. Baba ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin hanya riƙe da kekensa, ko ruwa bai kurɓa ba. Tsoro ne fal cikinsa: in Guguwa ya gaji da jira ya kira motar gandu ta kwashi Malama, shi ke nan, magana ta tabbata cewa irinta ba su da wuri a nan. Manaja ya zo ya dafa shi ya ce ya zauna, yau ranarsa ce. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ayari bai iso ba tukuna."

An jima sosai, har wasu sun fara gyangyaɗi, sai aka jiyo murya daga cikin itatuwa. Ba ƙarar mota ba ce, surutu ne. Ga Malama tafe a kan kekenta, gumi sharkaf, tana taka feda a hankali, ga Guguwa a gefenta a kan nasa keken yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta zuba bayani da shi. Da ta sauka sai da ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta juyo.

"Baba, wannan ɗan naka bakinsa ba ya gajiya? Tun daga rafi yake ba ni labarin rigimarsa da surukarsa a kan wata akuya. Ina son in ji ƙarshen zancen, ban ankara ba sai ga ni a kan tudu."

"Ai ban gama ba, Malama," in ji Guguwa. "Sauran sai a hanyar komawa."

Baba ya dube shi, idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba. Guguwa ya sosa ƙeya, ya rage murya.

"Baba, shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ashe ban taɓa ganin fuskar mutum lokacin da ya ci tudun nan ba. Kullum ina gaba." Ya waiga ya dubi jama'a. "A faɗa wa Manaja ya nemi wani mai jan ayari, ni na karɓi baya. Amma fa kada wanda ya ce mini Wutsiya."

"Makara ka yi, Wutsiya Ƙarami!" in ji tela daga inuwa.

Sai a lokacin Baba ya jingina kekensa, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya ce a ba shi ruwa.

Doguwar hanya tana nan a buɗe ga kowa har yau. Baba yana gida, matarsa tana ƙorafin ya cika mata tsakar gida da kekunan maƙwabta, wai duk ya zama bakanike kyauta. Lafiyarsa ƙalau, in ban da gwiwa da takan yi masa tsiya in hadari ya haɗu.

Mun gode, Baba. Tela ya gode, Malama ta gode, da duk waɗanda suka ga tafki ba su san a kan haƙurinka suka je ba. Allah ya sa yadda ka jira bayinsa, kai ma kada ka rasa mai jiranka ranar da ƙafa ta gaza. Mu kuma da muka rage, a makaranta muke ko a kasuwa ko a cikin gidajenmu, kowane ayari yana da wanda numfashinsa ya ƙare a tsakiyar tudu, yana jin kunyar ya ce a tsaya. Masu son gaba sun yi yawa, ba za a rasa su ba. A samu wanda zai rage gudu ya jira shi.